In Duniya Ta Kama Da Wuta, Me Haɗeja Za Ta Ci?

Duk sa'ad da aka tayar da zancen makaman ƙare-dangi a zauren muhawara, ba a rasa ɗalibin da zai ce, "Ina ruwanmu? Wa zai ɓata bom ɗinsa a kan Haɗeja?" Ta wani fanni yana da gaskiya. Amma magabatanmu ba su ɗauki al'amarin da wasa ba. Da Faransa ta fara gwajin bom a Reggane, cikin Hamadar Aljeriya, ran 13 ga Fabrairu 1960, hankalin jama'a ya tashi, domin daga can iskar hunturu take busowa. Bayan gwaji na uku, a watan Janairu 1961, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa.

Su ƙurar guba suka ji tsoro. Masana kuwa sun hango abin da ya fi ta muni. Tun 1983 su Carl Sagan suka yi gargaɗi cewa hayaƙin biranen da suka ƙone zai tokare sararin sama, ya dusashe rana shekara da shekaru. A 2022 masanan Jami'ar Rutgers ta Amurka suka lissafa cewa in Amurka da Rasha suka gwabza, yunwa kaɗai tana iya hallaka mutum fiye da biliyan 5. Mu a nan, abin da zai same mu shi ne damina ta ja da baya, sanyi ya tsuke gero da dawa, jiragen alkama da takin zamani su daina zuwa Legas. Mun ɗan ɗanɗana wannan a 2022, da yaƙin Yukren ya sa kuɗin burodi da taki suka yi tashin gwauron zabi.

To, me za mu ci? Turawa suna shawarar noman ciyawar teku da lemar kwaɗi. Madalla, amma ina Haɗeja ina teku! Amsarmu tana hannun tsofaffin da suka ga farin 1972 zuwa 1974, waɗanda su ma kakanninsu suka tsira daga yunwar Kakalaba ta 1914. Da rumbu ya ƙare, fadama da daji aka nufa. Mata suka shiga tafki suka tono bado, suka dafa saiwarsa, suka niƙa 'ya'yansa. Aka daka goruba, aka haƙo muruci, aka dama garin ɗorawa da na kuka. Aduwa da magarya da kurna suka riƙe yara. Tafasa da yaɗiya suka cika tukunya, har karangiya mai ƙaya aka sussuke aka ci ƙwayarta. Ga kifin banda, ga fara. Itatuwan nan masu dogon jijiya sun saba da jure shekarar da hatsi ya ƙi, kuma saiwar da ke kwance cikin taɓo ba ta mutuwa don rana ta yi rauni damina ɗaya.

Sai dai abincin yunwa yana da ilminsa. 'Ya'yan anza ɗaci ne da su mai cutarwa, sai an jiƙa su kwanaki ana sake ruwa kafin su zama dilo. Cikinmu mu masu takardun shaida, mutum nawa ne zai iya wannan aiki? Mun haddace sunayen sinadarai, amma in aka ajiye mu a dajin Baturiya da yawanmu ba za su bambanta ganyen ci da na kisa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ita kanta fadamar. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da takan shayar da ƙasar Guri da Kiri Kasamma har Nguru ta sake hali. Wani gefe ya bushe, wani gefe ruwa ya kwanta ba ya janyewa, kacala ta toshe magudanai ta cinye gonaki. (Abin mamaki, saiwar kacalar nan tana da gari, ana kuma cin ta a wasu ƙasashe, ƙila abokiyar gabar yau ita ce tuwon wancan lokaci.) Ɗorawa da goruba kuwa gatarin masu gawayi yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Don haka muna kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa sakin ruwa bisa lokacin da fadama ta saba, ta kuma dage da yashe magudanai. Ƙananan hukumomi su mai da hankali ga rumbunan tsimi, da adana irin gero mai saurin nuna. Matasan ma'aikatanmu na gandun daji su tsare itatuwan abinci kamar yadda ake tsare baitulmali. Mu ɗalibai kuma, hutun nan mai zuwa, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban kakarsa, ya rubuta sunan kowane ganye da saiwa, da inda ake samunsa, da watan da yake nuna, da kwana nawa ake jiƙa shi.