RA'AYINMU: Injin yankan ƙarfe a Malanville, har da ɗan kasuwa a cikin masu alhaki

Duk wanda ya ratsa kasuwar Malanville ko ya bi hanyar da ta nufi gadar Gaya, zai yi wuya kunnensa bai ji kukan injin nan na hannu da masu walda da magina suke yanka ƙarfe da kankare da shi ba, wanda a Faransanci ake kira meuleuse. Da shi ake yanka rodi da kwano, ake haɗa ƙofofin shaguna da rumfuna, ake gyara bodin manyan motoci, ake tsaga bango don shigar da waya ko bututu. Babu shakka ya sauƙaƙa aikin da a da sai an wuni ana ja da zarto. To amma yadda ake sarrafa shi a garin nan ya isa abin tsoro, kuma wannan jarida tana ganin maganar ta wuce tsakanin mai walda da yaransa. Ta shafi ɗan kasuwar da ya ba da aikin, da wanda ya sayar da faifan, da wanda aka kunna injin a bakin shagonsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin abin da yaron nan yake riƙe da shi. Ƙaramin injin yana juya faifai kimanin sau 11,000 a minti ɗaya, bakin faifan kuwa yana iya kaiwa gudun mita 80 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 290 a awa. Faifan yanka bai wuce kaurin milimita 1 zuwa 3 ba. Idan ya maƙale a cikin ƙarfe, ko aka danna shi ta gefe don gurza, sai ya tarwatse, gutsattsarinsa su fita da wannan gudun, ko kuma injin ya yi tsalle ya komo kan mai riƙe da shi. Dalilin da ya sa masu ƙera shi suka sa masa murfin ƙarfe da mariƙi na gefe ke nan. Abin takaici shi ne sau da yawa murfin ne abu na farko da ake kwancewa a jefar, don a samu a ɗaura babban faifai a ƙaramin inji. Faifai mai faɗin milimita 230 an yi shi ne don juyin da bai wuce kimanin 6,600 a minti ba. Wanda ya ɗora shi a ƙaramin inji ya kusan ninka abin da zai iya ɗauka, kuma babu komai tsakaninsa da fuskar mai aiki.

A nan ne alhakin masu sayar da kayan aiki ya shigo. Mutane da yawa ba su san cewa faifan yanka yana da wa'adi kamar magani ba. Ƙaron da ya riƙe shi yana lalacewa da daɗewa da laima da zafi, shi ya sa kamfanonin da ke bin ƙa'ida suke buga ranar ƙarewarsa a jikin zoben ƙarfen da ke tsakiya, galibi shekara 3 daga ƙerawa. Ɗan kasuwar da ya sari faifan da ba shi da suna, ba shi da kwanan wata, ba a rubuta iyakar gudunsa ba, ko ya baza shi a rana da raɓa na tsawon watanni sannan ya sayar, to ya sani ribar da ya ci tana iya zama idon ɗan wani. Mun san rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar ya karya jarin mutane da dama, kowa ya koma neman mai sauƙi. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan kaya ma ba ta tsaya ga rashin ado ba.

Haɗari na biyu shi ne wuta, kuma shi ne ya fi kusa da dukiyar mai karatu. Tartsatsin injin nan yana iya tashi har kimanin mita 10, ya faɗa cikin buhu ko katifa ko tarin atamfa ya yi ta ci a ɓoye, sai bayan an rufe shago wuta ta bayyana. A gari irin namu, inda ake jera man fetur a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, wannan ba abin wasa ba ne. Ƙasar nan ba ta manta da gobarar ma'ajiyar man fetur ta Seme-Krake a watan Satumba na 2023 ba, wadda ta ci rayukan mutum fiye da 30. Ba mu ce inji ne ya tayar da ita ba, amma ta nuna abin da fetur yake yi idan ya samu wuta a cikin jama'a. Haka nan ɗabi'ar kai duro a yanka don zuba ruwa ko abincin dabbobi: duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da ya yi wata babu komai a ciki, tururin da ya rage ya isa ya fashe shi da zarar faifai ya taɓa shi.

Na uku kuwa ba ya zubar da jini, shi ya sa ake raina shi. Farar ƙurar da ke tashi idan ana yanka kankare ko bulo ko tayil tana ɗauke da garin yashi mai laushin da ido ba ya gani. Yana shiga can cikin huhu ya zauna, ya bar tabon da ba ya warkewa, ciwon da likitoci ke kira silikosis. Mai wannan ciwo ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, kuma tun 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin huhu. Rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta, sai takunkumin da aka yi don ƙura, irin mai alamar FFP2 ko FFP3. Kuma ba magini kaɗai ke shaƙarta ba, har da mai shagon da ke zaune yana kallon aiki da mai tallar abinci da ke gefe.

Dokar ƙwadago ta Jamhuriyar Benin, ta 27 ga Janairu, 1998, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci alhakin kare lafiyarsa a wurin aiki, kuma asusun CNSS yana biyan diyya ga ma'aikacin da aka yi wa rajista idan ya ji rauni. Sai dai kowa ya san galibin yaran da ke koyon walda da gini ba su da wata rajista. Idan ƙarfe ya shiga idon yaro, ko yatsa ya fita, asibitin Malanville ne farko, in abin ya fi ƙarfinsu a nufi Kandi ko Paraku mai nisan sama da kilomita 300, kuɗin kuwa daga aljihun iyayensa ko karo-karon 'yan'uwa zai fito.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da su yi amfani da ƙarfin da ke hannunsu, domin mai biyan kuɗi shi ke da magana. Kada ka yarda a kunna inji a shagonka babu murfi, ko mai aiki ba shi da tabarau na kariya, domin tabarau na rana ba ya tare ƙarfe. Ka kwashe fetur da yadi da buhuna daga wurin, a ajiye ruwa da yashi kusa, a kuma bar mutum ya tsaya aƙalla rabin awa bayan an gama. Idan kana ciniki da mai walda, kada ka matse shi har ya rasa kuɗin faifai mai kyau.

Su kuma shugabannin masu walda da magina, wajibi ne su hana ba sabon yaro inji kafin a koya masa riƙo da hannu biyu, da cire waya daga wuta kafin canza faifai, da kashe makunni idan an ɗauke wuta don kada injin ya tashi da kansa idan ta dawo, da nisantar riga mai faɗin hannu. Wanda ƙarfe ya shiga idonsa, a rufe idon a kai shi asibiti a ranar, a bar tono da tsinken ashana.

Daga ƙarshe, muna roƙon ofishin magajin garin Malanville da shugabannin kasuwa su keɓe wurin yankan ƙarfe nesa da layin masu mai da masu yadi, su kuma riƙa duba faifan da ake sayarwa. Kada a jira sai an yi jana'iza ko an wayi gari rumfuna sun zama toka sannan a kafa kwamiti. Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, amin.