Zauren Iyaye: Bakwaini Da Karatunsa

Kowane malamin aji biyu ya san irin wannan yaro. Yana da ladabi, hannunsa yana da kyau a zane, amma in aka ce ya haɗa "ba" da "ki" ya karanta "baki", sai abin ya gagara. 'Yan aji su yi masa dariya, a gida kuma a ce daƙiƙi ne. Sau da yawa, in muka zauna da uwar muka tambayi labarin haihuwarsa, sai ta ce, "Ai Malam, bakwaini ne, kuma bai yi magana da wuri ba." Kan wannan za mu tattauna a watan nan.

Cikakken ciki mako 40 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 wanda bai kai lokaci ba, ta kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi irinsu wajen miliyan 13 a duniya. Wanda muke kira bakwaini kuwa, watau na wata bakwai, yakan zo ne tsakanin mako 28 da 32. A makonnin nan ne ƙwaƙwalwa take girma da sauri ƙwarai, kunne kuma ya riga ya soma aiki, jariri yana jin muryar uwarsa dare da rana daga cikin ciki. Bakwaini yakan rasa wannan, gama yana kwance cikin kwalbar asibiti, abin da ya fi ji shi ne ƙarar na'ura.

Ina ruwan wannan da karatu? Mu lura fa, karatu magana ce da aka sa a takarda. Kafin yaro ya gane harafin "ƙ" da ido, lalle sai kunnensa ya rarrabe "baki" da "baƙi", ya rarrabe "kafa" da "ƙafa". Kafin ya fahimci labarin da ke cikin littafi, sai ya zamana ya tara kalmomi da yawa a kansa. Saboda haka yaron da maganarsa ta yi jinkiri yana shekara 2, shi ne aka fi tsoron karatu zai ba shi wuya yana shekara 7. Masu bincike a ƙasashe dabam dabam sun ga cewa bakwainai sun fi sauran yara gamuwa da wannan wahala. Amma ba dukansu ba ne, da yawa suna karatu sarai.

A birnin Providence na Amurka, wata likitar jarirai mai suna Melinda Caskey da abokan aikinta sun sa ƙaramar na'ura ta ƙirga kalmomin da manya suke faɗa kusa da bakwainai 36 a asibiti. A rahotonsu na 2014 sun nuna cewa jariran da suka fi jin magana su ne suka fi ci gaba a gwajin harshe sa'ad da suka kai wata 7 da wata 18. Ashe aikin yana somawa tun kafin a sallami jaririn.

Ga abin da muke roƙon iyaye. Da fari, a rungumi jaririn a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane. Wannan dabara an soma ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta nan da nan bayan haihuwa. Tana ɗumama jariri, ga shi kuwa kunnensa yana kusa da bakin uwa. Uba ma yana iyawa. A yi masa magana a hankali, a yi masa waƙa.

Na biyu, a ƙirga watanninsa daidai. In ya zo da saura wata 2, to, sa'ad da ya cika wata 12 a auna shi da ɗan wata 10. Haka za a riƙa cirewa har ya kai shekara 2. Bisa ga wannan lissafi, ya kamata ya juya wajen ƙara yana wata 6, ya yi gwaranci kafin wata 9, ya faɗi 'yan kalmomi kafin wata 18, ya haɗa biyu kamar "Mama zo" yana shekara 2.

Na uku, in bai kai ga waɗannan ba, kada a ce, "Ubansa ma haka ya yi." A fara da gwajin kunne, domin shawara mai tsanani da waɗansu alluran da ake yi wa jarirai marasa lafiya suna iya taɓa ji. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen kunne. A can za a tambayi masanin gyaran magana. Aikinsa da ƙaramin yaro kamar wasa ne: yakan koya wa uwa ta bi abin da yaron yake kallo, ta ambaci sunansa, ta dakata ya amsa, sa'an nan ta ƙara kalma guda bisa abin da ya faɗa. In ya ce "ruwa", ta ce "ruwan sanyi". Wannan kuwa ana iya somawa yau a tsakar gida, wajen wanka da wajen daka.

Gidajenmu da yawa suna da harshe biyu, na kakanni da Hausa. Wannan ba ya hana yaro magana, kada a daina ko ɗaya. Tatsuniya, kacici-kacici, da littafi mai hotuna a kan cinya, duk abincin kunne ne. Rediyo da waya ba za su maye gurbinsu ba, gama ba sa jiran yaro ya amsa.

Ranar da za a kai shi aji ɗaya, a gaya wa malaminsa bakwaini ne. Sai mu sa shi a layin gaba, mu ƙara masa lokaci a kan sautin haruffa, mu ajiye bulala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai mun sadu a wata mai zuwa.