RA'AYINMU: BELI DA MAI TSAYA WA WANI



A watan Yuli na 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ba da belin wani mutum da ake tuhuma da fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma wanda ya tsaya masa shi ne Kwamishinan Sufuri na jiha, Ibrahim Namadi. Jama'a suka yi ca. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kafa kwamitin bincike, a watan Agusta kwamishinan ya ajiye aikinsa. Tun daga lokacin mutanenmu a Tsanyawa da Bichi suke tambaya, shin alƙalin da ya ba dilan ƙwaya beli bai ci amana ba?

Fushin jama'a yana da dalili. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin tarayya suka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suke ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya. Mu ma nan mun ga samari 'yan ƙwadago suna haɗiyar tiramol don su ƙarasa noman gero, daga baya su kasa rabuwa da ita.

Duk da haka sai mu faɗi gaskiya. Ba da beli shi kaɗai ba laifi ba ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mun fi kowa sanin amfanin wannan kariya, domin ranar da aka yi wa ɗanka ƙazafi ita ce za ta fito da shi. In muka ce a rufe ƙofar beli saboda fushi, wata rana ɗanmu ne zai tarar da ita a rufe.

Abin da ya dame mu shi ne mudu biyu. Mai kuɗi yana da lauya, yana da manya masu tsaya masa, cikin 'yan kwanaki ya koma gida. Ɗan talakan da aka kama da ƙullin wiwi kuwa sai ya yi watanni a gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse, domin ba shi da mai takardar fili a birni. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a tsawwala sharuɗɗan beli. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 16 ma ya gargaɗi alƙalai a kan son kai da cin hanci.

To, wanda yake da ƙorafi ina zai kai? Shari'ar da hukumar NDLEA ta shigar tana gaban Babbar Kotun Tarayya, kuma mai ladabtar da alƙalanta ita ce Majalisar Shari'a ta Ƙasa, NJC, a Abuja. Ana rubuta koke da suna da takardar rantsuwa, cikin wata 6 da faruwar abin. In kuwa majistare ne ko alƙalin kotun Shari'a, sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kano. Hukuncin da aka yi kuskure a cikinsa, ɗaukaka ƙara ake yi. Cin hanci shi ne ake kai wa waɗannan hukumomi, shi ma da shaida. Maganar bakin kasuwa ba ta tsige alƙali, sai dai ta ɓata sunan mai gaskiya.

Muna kuma jan kunnen fastoci da dattawan ikkilisiya. Kada ku sa hannu a takardar belin wanda ba ku san sana'arsa ba, ko da ɗan dangi ne, domin in ya gudu ku kotu za ta riƙe. Amma yaron da kuka san gidansu da halinsa, kada tsoron surutu ya hana ku tsaya masa, ku kuma tabbata ya je kotu duk ranar zama.

Allah ya ba alƙalanmu tsoronsa, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu. Amin.