Ana Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Duk mai zama a majalisun Kawo, Unguwar Rimi, Malali ko Badarawa ya san cewa dattawa sun samu sabuwar maganar taunawa: zanen da samari ke yi a damtse da ƙirji, wanda suke kira tatu, da hujin da 'yan mata ke ƙarawa a saman kunne da gefen hanci. Hukuncin majalisa ba ya sauyawa. Yaran zamani sun lalace, Turawa sun ɓata su, maganinsu bulala da kora daga makaranta. Ni ma ban yarda ɗan shekara goma sha biyar ya zana fatarsa ba. Sai dai ina ganin fushinmu ya ɓata hanya. Mun tasa yaro gaba da zagi, mun ƙyale babban da ya riƙe allurar ya karɓi kuɗi.

Zan fara da masu cewa abin baƙo ne. Wasunsu ma nuni suke yi da baki zuwa ƙetaren gada, domin tun bayan rikicin shekarar 2000 da ya raba mazauna Kaduna gida biyu, mun koyi ɗora wa kudancin kogi duk abin da ba mu so. Wannan zance ba ya tsayuwa. Hoton da yaron Unguwar Dosa ya gani ya yi sha'awa, a wayar da ubansa ya saya masa ya gan shi, a jikin ɗan ƙwallon da uban ma yake kallo a gidan kallo. Sannan mai wannan magana ya dubi fuskar kakarsa. Bahaushe ya san tsaga tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan. Muna da bille da kalangu da shasshawa da 'yar baka, da tsagar gado wadda ake gane Bagobiri ko Babarbare da ita daga nesa. Muna da jarfa, wadda ake tsattsaga fata a cusa baƙi don ya zauna har kabari. Wane bambanci ke tsakaninta da tatu, in ban da inji da ya maye gurbin aska? Hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim, wanda ya la'anci mai yin irin wannan zane da wadda ake yi wa, ya hau kan jarfa kamar yadda ya hau kan tatu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ban kawo wannan tarihi don in wanke yara ba. Na kawo shi ne don ya nuna inda cutar take. Jaririn da wanzami ya tsaga ran suna ba a nemi yardarsa ba. Matashin da aka zana yana aji huɗu na sakandare ya ce ya yarda, amma yardar wanda doka ba ta ba shi katin zaɓe ko lasin tuƙi ba tukuna, ba ta isa a yanke hukuncin da zai bi shi har tsufa ba. A duka biyun, babba ne ya sa ƙarfe a jikin yaro. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta gane haka. Sashe na 24 ya haramta yi wa duk wanda bai kai shekara 18 ba tatu ko tsaga, kuma wanda ya yi ko ya sa aka yi shi dokar ta kama. Sai dai hukuncin tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko duka biyun. Yau wannan kuɗi ko kaza mai kyau ba zai saya a Kasuwar Sheikh Gumi ba.

Ga masu cewa "jikina ne, ina ruwan wani", sai in ce su tambayi jinin da ke cikin jikin. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a kan allura ko aska bayan jinin ya bushe, kuma ta fi ƙwayar ƙanjamau saurin yaɗuwa nesa ba kusa ba. Goga sifirit ko ɗan gasa allura da ashana ba ya ba da tabbaci. Abin da ke ba da shi sabuwar allura ce da za a yar bayan mutum ɗaya, da tukunyar tururi irin ta asibiti don sauran kayan aiki. Mutum nawa ne cikin masu yin zane a bayan shagon aski ko ɗakin kwanan ɗalibai suke da ita? Mai ɗauke da cutar kan yi shekaru bai sani ba, sai hanta ta ƙone ko daji ya kama ta. Hujin saman kunne kuwa guringuntsi yake ratsawa, inda jini ba ya gudana sosai, saboda haka in ya rure yana wuyar warkewa, har kunne ya lanƙwashe. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabon nan mai kumburi da ke ci gaba da girma, wanda ko an yanke shi yakan dawo.

Akwai ma abin da majalisa ba ta taɓa ambata, domin mu da kanmu muke biyan kuɗinsa ran jajibirin Salla. Jan lalle ganye ne, an daɗe ana ƙunshi da shi lafiya. Baƙin da ake kira dayis kuwa, da yawa daga cikinsa rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda ba don fata aka yi shi ba. Yakan sa hannu ya yi bororo kamar ƙunar wuta, ya bar tabo a siffar furen da aka zana, kuma jikin da ya taɓa ƙinsa zai ci gaba da ƙinsa har abada. Uwar da ta mari ɗiyarta saboda hujin hanci, ita ce ta riƙe hannun ƙanwarta 'yar shekara shida a gaban mai lalle.

Asarar ba ta tsaya a lafiya ba. Kaduna garin soja ne. A nan Makarantar Horar da Hafsoshi ta NDA take tun 1964, ga kuma Daffo a Zariya inda ake horar da kurata. Sanarwar ɗaukar soja takan faɗi ƙarara cewa ba a karɓar mai tatu. Yaron da ya zana sunan budurwa a damtse yana da shekara goma sha shida zai gane haka ran da aka ce ya tuɓe riga a layin tantancewa. Goge zanen da na'urar leza yana buƙatar zama da yawa da kuɗi mai yawa, kuma a baƙar fata yakan bar dabbare. Wanda ya zana shi ya san duk wannan, ko kuwa wajibi ne ya sani.

To, me bulala ta gyara? Yaron da ya san za a kore shi daga gida zai ɓoye ciwon a ƙarƙashin doguwar riga har ya ruɓe. Yarinyar da ke tsoron tsinuwa za ta bari ƙawarta ta huda ta da allurar ɗinki a ɓoye. Tsananinmu shi ne jarin masu allurar bayan gida.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Jihar Kaduna ta kafa tata dokar kare yara a 2018. Majalisar jiha ta tabbatar da cewa hukuncin mai zana yaro ya kai ya ji a jikinsa, a kuma yi wa duk mai sa ƙarfe a fatar mutum rajista, daga mai injin tatu har wanzami da mai huda kunne. A sa Sarkin Aska na kowace unguwa cikin aikin, domin shi ya san mutanensa. Hukumar NAFDAC ta leƙa rumfunan masu sayar da dayis. Limamin da zai yi huɗuba kan tatu ya haɗa da askar da ake yi wa jarirai goma da ita. Uban da ya ga zane a jikin ɗansa kuwa ya haɗiye fushinsa na kwana ɗaya, ya kai shi Asibitin Barau Dikko ko wani asibiti a gwada jininsa. Sai a 2004 allurar rigakafin cutar hanta ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ba kowane yaro aka kai ba. In ba a yi masa ba, a yi masa. Bayan haka sai a zauna a yi faɗan, a kuma tambaye shi sunan wanda ya zana shi.

Yaro yana da nasa laifin, ban musa ba. Amma shi taiki ne, kayan da muka zuba a ciki shi yake ɗauke da shi. Jakin yana can a shagonsa, allurar jiya tana hannunsa, yana jiran ɗan wani.