Sirrin majinyaci da bayanan ɗalibi: Wa ke riƙe da amanar mutanen Daura?

A watan Janairun 2015, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa, wata tsohuwar takardar makaranta ta zama abin cece-kuce a faɗin Najeriya. Takardar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ce ta Muhammadu Buhari, wadda ya zana a 1961 a makarantar lardi ta Katsina, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Katsina.

Duk da matsin lambar 'yan siyasa, makarantar ba ta fitar da sakamakon ba sai bayan da mai shi ya sanar da cewa shi da kansa ya nemi a fitar.

A 2017 kuma, Buhari ya tafi jinya Landan har sau biyu, na farko kimanin kwana 50, na biyu sama da kwana 100. An yi ta muhawara kan ko 'yan ƙasa na da haƙƙin sanin abin da ke damun shugabansu, amma har ya sauka daga mulki fadarsa ba ta faɗi sunan cutar ba, kuma babu likitan da ya fito ya faɗa.

Wato makaranta da asibiti sun riƙe amanar shahararren ɗan Daura. A wajen doka, irin wannan haƙƙi ne da matar da ke suyar ƙosai a unguwar Kusugu, da ɗanta da ke aji uku a firamare. Sai dai tsakanin abin da doka ta ce da abin da ke faruwa a ɗakin yankar kati da ofishin hedimasta, akwai tazara mai nisa.

Garin da rajista ta yi wa yawa

Daurar da maziyarta suka sani da rijiyar Kusugu da labarin Bayajida ta sauya a 'yan shekarun nan. A 2019 aka buɗe asibitin ƙwararru na rundunar sojin sama, aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ga makarantu masu zaman kansu, da Islamiyyu, da ƙananan asibitocin unguwa, da ɗakunan gwajin jini. Kasancewar garin kusa da iyakar Kwangwalam, har mutanen Jamhuriyar Nijar na shigowa neman magani.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana karɓar bayanai. Mai juna biyu da ta je awo za ta bayar da sunanta da na mijinta, da unguwarsu, da lambar waya, da yawan cikin da ta taɓa yi da wanda ya zube, sannan a rubuta sakamakon gwajin jininta. Uban da ya kai yaro makaranta zai bayar da hoton yaron, da ranar haihuwarsa, da sana'ar iyaye, da adireshin gida.

Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar ɗan ƙasa ta NIN kafin ɗalibi ya yi rajistar jarrabawa, ga kuma hoton yatsu. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, shi ma sai da sunayen ɗalibai da bayanan iyayen da za a tura wa tallafi.

Karɓar waɗannan bayanai ba laifi ba ne, don babu magani ko karatu sai da su. Matsalar tana wajen ajiya, da kuma wanda ake bari ya gani.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrinsa, da na gidansa, da na wasiƙunsa da wayarsa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta fi fayyace batun asibiti. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi majinyaci, har da halin lafiyarsa da maganin da ake ba shi da kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a bayyana shi sai da rubutaccen izinin mai shi, ko umarnin kotu ko wata doka, ko bisa buƙatar iyaye idan yaro ne ƙarami, ko waliyyi idan majinyacin ba ya iya magana da kansa, ko kuma idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana wanda ba shi da hurumi isa ga fayil, kuma hukuncin saɓawa na iya kaiwa ɗaurin shekara biyu, ko tarar naira dubu 250, ko duka biyun.

A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta sa bayanan lafiya, da hoton yatsu, da addini, da ƙabila cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta ce a karɓi abin da ake buƙata kawai, a yi amfani da shi don dalilin da aka karɓa, kada kuma a ajiye shi fiye da kima. Inda ake buƙatar izinin yaro, iyayensa ko waliyyinsa ne ke bayarwa. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72.

Sanarwar da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024 ta ambaci makarantun firamare da na sakandare da ƙananan asibitoci cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista, a kan kuɗi naira dubu 10. Manyan makarantu da manyan asibitoci kuma naira dubu 100. Ke nan dokar ba ta bankuna da kamfanonin waya kaɗai ba ce.

Ta inda sirri ke yoyo

A gari kamar Daura, ba sai gwanin kutsen kwamfuta ya zo ba kafin sirri ya fita. Hanyoyin na yau da kullum ne, kuma kusan kowa a Arewa ya san su.

Ba baƙon abu ba ne mutum ya sayi ƙosai ko tsire ya tarar an naɗe masa a takardar jarrabawar wani yaro, da sunansa da makinsa. Ba baƙon abu ba ne a manna sakamakon ɗalibai a bango, ko a tura sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a zauren WhatsApp na iyaye, inda lambar wayar kowace uwa ke bayyane ga kowa.

Ɗalibin da ya je shagon intanet yin rajista yakan bar hoton katin NIN ɗinsa da lambar sirrinsa a kwamfutar shagon, wadda wani zai hau bayan tashinsa. Makarantu masu zaman kansu na saka hotunan yara a Facebook da allunan talla, sau da yawa ba tare da an tambayi iyaye ba.

A asibiti, cunkoso kan sa likita ya duba mutum alhali wasu na tsaye a bakin ƙofa suna ji. Ma'aikaci kan ɗauki hoton sakamakon gwaji da wayarsa don ya tura wa likita, hoton kuma ya zauna a wayar da yaran gida ke wasa da ita. Masu neman wa marasa lafiya taimako kan yaɗa hoton majinyaci a kwance da takardun asibitinsa. Niyyar alheri ce, amma hoton na nan a intanet bayan ya warke.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a ƙaramin gari shi ne kowa ya san kowa. Mai yanka kati maƙwabci ne, mai gwajin jini abokin wan miji ne. Gwajin kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024 kuma iyalai da dama ke nema a sauran wurare, yana da amfani ƙwarai wajen rage sikila da yaɗuwar cututtuka. Amma idan sakamakon yarinya ya riga ta isa gida, abin da zai biyo baya ya wuce fasa aure ɗaya. Magana zarar bunu ce.

Illar ba ta tsaya ga mutum ɗaya ba. Wanda ke tsoron a ji labarinsa zai ƙi zuwa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ko tarin fuka, ko ya tafi Katsina ko Kano inda ba a san shi ba, ko ya koma wajen mai kemis. Rashin sirri na korar mutane daga asibiti.

Akwai kuma wani ɓangare mai wuyar sha'ani. A al'ada, jinya ta dangi ce: miji ne ke biyan kuɗi, uwar miji ce ke zaman jinya, kuma suna ganin haƙƙinsu ne likita ya faɗa musu komai. Doka ba ta hana dangi sani ba. Abin da ta ce shi ne majinyacin da ke cikin hayyacinsa ne zai zaɓi wanda za a faɗa wa.

Rajistar makaranta a yankin da ake satar mutane

A daren 11 ga Disamban 2020, lokacin da Buhari ke hutu a Daura, 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An kwashe kwanaki ana saɓani kan adadin yaran. Gwamna Aminu Bello Masari ya fara ambatar 333, amma da aka sako su ranar 17 ga wata, 344 aka ƙirga.

Wannan ya nuna muhimmancin cikakkiyar rajista, domin a ranar tashin hankali da ita za a san wanda ya ɓata. Amma littafin da ke ɗauke da sunan yaro, da sana'ar mahaifinsa, da adireshi da lambar waya, abu ne mai haɗari idan ya faɗa hannun mai kai wa ɓarayin daji rahoto. A jihar da hukumomi suka sha kokawa da masu ba 'yan bindiga bayanai, makullin durowar hedimasta ya shiga sahun matakan tsaro.

Daga takarda zuwa kwamfuta

Komawa kwamfuta, da asibitoci da makarantu ke yi sannu a hankali, na sauƙaƙa aiki, amma yana sauya girman ɓarnar. Fayil ɗin takarda ɗaya-ɗaya ake sacewa, na kwamfuta kuwa dubbai a lokaci guda.

A Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet na sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100, kuma ta ce ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani da na shugaban hukumar NDPC kansa.

A Finlan, an gano a 2020 cewa an sace bayanan kimanin mutum dubu 33 daga cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta Vastaamo, aka riƙa bin majinyata ɗaya bayan ɗaya ana neman kuɗi don kada a tona asirinsu. Cibiyar ta durƙushe. A Landan, a Satumban 2025, masu kutse sun sace sunaye da hotuna da adireshin yara kimanin dubu 8 daga gidajen renon yara na kamfanin Kido. Waɗannan wurare ne masu kuɗi da ƙwararru, amma ba su tsira ba.

Hukunci na nan, amma bai iso ba

Hukumar NDPC ta nuna tana da haƙora. A Agustan 2024 ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, a Yulin 2025 kuma sama da naira miliyan 766 a kan kamfanin Multichoice. Ga ƙananan cibiyoyi, tarar na iya kaiwa naira miliyan biyu ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Wanda aka cuta kuma na da damar kai ƙorafi ga hukumar ko ya nemi diyya a kotu.

Sai dai manyan hukunce-hukuncen da aka ji sun faɗa ne kan manyan kamfanoni. Hedikwatar hukumar na Abuja, kuma wadda aka tona wa asiri a unguwa ba za ta so ta je kotu ta ƙara tallata kanta ba. Shi ma shugaban ƙaramin asibitin da ke fama da ƙarancin ma'aikata da rashin wuta, batun rajista da wata hukuma a Abuja ba ya cikin abin da ke hana shi barci.

Duk da haka, mafi yawan gyaran ba ya cin kuɗi. Durowa mai makulli, da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakin fayil. Ƙona tsofaffin takardu maimakon sayar da su ga masu awo. Bai wa kowane ɗalibi sakamakonsa a hannu. Takardar izini da Hausa kafin a saka hoton yaro a Facebook. Labule da ƙofa a ɗakin duba marasa lafiya. Hukunta ma'aikacin da ya kai labarin majinyaci majalisa, ko da ɗan wane ne.

Ma'aikatun lafiya da na ilimi na jihar Katsina na da ikon sanya waɗannan cikin sharuɗɗan ba da lasisi da na duba makarantu. Masarautar Daura ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da masu unguwanni da limamai, waɗanda aka dogara da su wajen shawo kan iyaye a yaƙi da shan-inna, na iya isar da wannan saƙo da harshen da jama'a suka riga suka sani, wato amana da rufin asiri. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Su ma iyaye da majinyata suna da abin yi. Uwar da ta taso daga Kusugu zuwa awo, ko uban da aka miƙa wa fom a makaranta, suna da haƙƙin tambayar me za a yi da bayanin, wa zai gani, da kuma inda za a ajiye shi. Suna da haƙƙin cewa ba su yarda a saka hoton ɗansu ba. Haƙƙin da aka mutunta wa Buhari a Katsina da Landan shi ne nasu, kuma tun 2014 yake a rubuce.