Kemi Badenoch: Da Wa Take Magana In Ta Caccaki Najeriya?

Duk sanda Kemi Badenoch ta buɗe baki a kan Najeriya, sai Facebook da X su kama da wuta. Mu yi ta zuba raddi kwana biyu, wani ya haɗa bidiyo, wani ya tono tsohon hotonta, daga nan mu koma kan wata rigimar. Ita kuwa ko gezau.

Ga wanda bai san ta ba: an haife ta a Landan a 1980, ta tashi a Legas, ta koma Birtaniya tana da shekara 16. Ta shiga majalisar dokoki a 2017, ta riƙe ministar kasuwanci, sannan ranar 2 ga Nuwamban 2024 ta kayar da Robert Jenrick ta zama shugabar jam'iyyar Conservative, baƙar fata ta farko da ta jagoranci babbar jam'iyya a ƙasar. Ko ba ka son ta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maganar da ta fi yi mana ciwo ta zo ne a Disamban 2024. Bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ce in ba ta alfahari da Najeriya to ta cire Kemi daga sunanta, sai ta shaida wa mujallar Spectator cewa ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har ta jingina mu da Boko Haram. To, tsakani da Allah, su wa Boko Haram ta kashe? Mutanen Baga da Bama da Gwoza, ɗaliban Buni Yadi, da masallata a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014. Ka haɗa maraya da wanda ya kashe masa uba ka ce duk ɗaya ne, wannan zalunci ne. Haka a Yulin 2025 ta ce wa CNN 'ya'yanta ba za su samu zama 'yan Najeriya ta hanyarta ba saboda ita mace ce, alhali sashe na 25 na kundin tsarin mulkinmu ya ce uwa ko uba, ko wanne ya isa. (Ƙorafinta kan 'yan sandanmu kuwa, mu ma kullum shi muke yi, kada mu yi munafunci.)

Amma fa ba da mu take magana ba. A zaɓen Yulin 2024 jam'iyyarta ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba, ta tsira da kujera 121 kacal cikin 650, ga jam'iyyar Reform ta Nigel Farage tana janye mata magoya baya da batun baƙin haure. Kemi na buƙatar nuna wa waɗannan masu ƙuri'a cewa ita tasu ce, kuma Najeriya ce misalin da ya fi mata arha: ba mu da ƙuri'a a can, fushinmu ma talla ne gare ta.

Abin da zai taɓa rayuwarka yana cikin dokokin biza. Tana minista gwamnatinsu ta hana akasarin ɗalibai zuwa da iyalansu daga Janairun 2024, ta hana masu aikin kula da tsofaffi a Maris. A Fabrairun 2025 ta nemi a maida jiran takardar zama ta dindindin shekara 10 maimakon 5. Bayan wata uku gwamnatin Keir Starmer, wato abokan hamayyarta, ta fito da nata shirin mai shekara 10 ɗin, ta kuma sanar da rufe ɗaukar masu kula da tsofaffi daga ƙetare. Mu nawa ne cikin masu zagin Kemi suka karanta wannan kafin su sayar da fili su biya ejan?