Alƙalami a Gefen Murhu

In kun taɓa ganin hirar da 'yan jarida sukan yi da mai rubuta littafin labari, kun san yadda hoton yake. Ga shi zaune bisa kujera, ya sha kwalliya, littattafai jere a bayansa. Sai mai karatu ya ɗauka mutumin nan ba ya zuwa cefane, yaro bai taɓa ta da shi da tsakar dare ba, tuwo kuma bai taɓa ƙonewa a gidansa ba. Daga nan sai ya ce a ransa, ai rubutu aikin masu hutu ne. Wannan zato ya binne baiwa mai yawa cikin gidajenmu. Domin haka yau na kawo muku labarin mata biyu, ku ga inda aka rubuta littattafansu.

Ta fari ita ce Harriet Beecher Stowe, mutuniyar Amurka, 'yar fasto, wadda aka haifa a 1811. A 1836 ta auri Calvin Stowe, malami a makarantar horad da fastoci ta birnin Cincinnati. Albashinsa kaɗan ne, ga iyali sai ƙaruwa suke yi, gama 'ya'ya 7 ta haifa. Saboda haka ta shiga rubuta gajerun labarai tana sayar wa mujallu. Da kuɗin farko da ta samu, katifar gashin tsuntsu ta saya.

Wata ƙawarta ta bar mana labarin wata rana a gidan. Harriet ta yi wa edita alkawarin labari, lokaci ya yi, ba ta gama ba, ga shi kuwa ranar gashin burodi ce. Ƙawar ta matsa mata, sai suka zauna a kicin. Ga gari, ga ƙwai, ga wake bisa tebur, ga jariri, kwalbar tawada kuwa a kan butar shayi aka same ta. Da aiki ya yi wa Harriet yawa, sai ta riƙa faɗi, ƙawar tana rubutawa. Tana cikin faɗin magana mai sa hawaye ta bakin matar cikin labari, sai ta juya ta gaya wa 'yar aikinta yadda za ta yi da nama da wake, sa'an nan ta komo inda ta tsaya. Haka suka yi ta yi suna dariya har labari ya ƙare. Kashegari aka aika wa edita.

A 1849 cutar kwalara ta ɗauke ɗanta mai wata 18. A 1850 suka ƙaura zuwa garin Brunswick, can arewa maso gabashin ƙasar. A wata wasiƙa da ta rubuta wa matar ɗan'uwanta a shekarar nan, ta ce an tashe ta wajen sau 12 kafin ta gama wasiƙar: ga mai kifi, ga mai 'ya'yan itace, ga jariri yana neman nono, ga abincin rana. A shekarar kuma aka kafa dokar da ta tilasta wa mutane su taimaka a kama bayin da suka gudu. Cikin wannan hali ta rubuta Uncle Tom's Cabin, wato Bukkar Kawu Tom. Wata jarida ta riƙa buga shi mako mako daga Yuni 1851 zuwa Afrilu 1852. Da ya fito littafi, an sayar da kwafi 300,000 a Amurka cikin shekara ɗaya, ya kuwa sa mutane da yawa suka ƙi cinikin bayi.

Da ta yi suna, sai aka shiga tambayarta labarin kanta. Ta amsa wa wata mata cewa ita dai 'yar siririyar mace ce da ta haura shekara 40. Ta kuma ce a bakin gadon ɗanta da bakin kabarinsa ta san abin da baiwa take ji sa'ad da aka ƙwace mata ɗa aka sayar. Ashe renon da ya riƙa katse mata rubutu, shi ne ya ba littafin ƙarfinsa.

Amma ku lura da abu ɗaya. Tun ba ta yi suna ba, maigidanta ya rubuta mata wasiƙa ya ce lalle ita marubuciya ce, ta shirya zamanta a kan haka. Ita kuma ta ce to, sai a ba ta ɗaki nata na aiki. Ba mai kuɗi ba ne, amma ya ga baiwar, ya kuwa faɗa da bakinsa.

Ta biyu 'yar ƙasarmu ce, Buchi Emecheta, wadda aka haifa a Legas a 1944. An yi mata aure tana da shekara 16, a 1962 ta bi mijinta Landan. Can ta rubuta littafinta na fari, ta ba shi ya karanta. Ya ƙi karantawa, ya sa masa wuta. Ta rabu da shi tana da shekara 22, renon yara 5 ya faɗo mata ita kaɗai. Ta yi aiki a ɗakin karatu na babban gidan tarihin Ingila, ta yi karatun digiri a Jami'ar Landan, da asuba kuwa kafin yara su tashi sai ta zauna ta yi rubutu. Littafinta In the Ditch ya fito a 1972. Wanda aka ƙone ɗin ta sake rubuta shi, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price, wato Sadaki. Kafin ta rasu a 2017 ta rubuta littattafai fiye da 20.

Wani zai ce, to, ai ga shi ta yi nasara duk da haka. I, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Amma Buchi nawa ne suka ga takardunsu cikin wuta, ba su ƙara ɗaukar alƙalami ba? Ba mu san sunansu ba, gama ba su bar kome da za mu karanta ba. Ba kuwa da ashana kaɗai ake ƙona rubutu ba. Dariyar reni ma takan ƙona shi, haka nan cewa, "Wannan shirme zai sa tukunya a wuta?"

Mu malamai mun sani, da wuya aji ya rasa yaro ko yarinya da in sun rubuta labari kowa yakan yi tsit ya saurara. Bayan shekaru in ka tambaya, sai a ce hidimar gida ta cinye su, musamman 'yan matan. Ga shi kuwa muna kukan yaranmu ba su da isassun littattafan labari da Hausa.

Uwargida, kada ki jira ranar da gida zai yi shiru, ba ta zuwa. Ajiye littafin rubutu kusa da murhu, shafi ɗaya a rana ya isa. Kafin shekara ta kewayo kin tara fiye da 300. Maigida, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Riƙe yaro na sa'a ɗaya, sayi takarda da biro, in an ba ka ka karanta, ka karanta. In kuwa miya ta kama ƙasa wata rana, a ci haka nan, a tambayi inda labari ya kai.

Sai wata mai zuwa.